Daren da aka cinna wa sunan gwarzo wuta: tarihin bikin CMA na mawaƙan kantiri

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara, da waɗanda dama sun fi jin daɗin karantawa. Yau tafiyar da nisa, Amurka za mu je, birnin Nashville na jihar Tennessee. Ku gyara zama.

Bari in fara da wani dare a watan Oktoban 1975. Ana bikin raba kyaututtuka ga mawaƙan kantiri, bikin da ake kira CMA, tashar talabijin ta CBS tana haska shi kai tsaye. An zo kan kyauta ta ƙarshe, wadda ta fi kowace girma, wato Gwarzon Shekara. Sai aka kira wanda ya ci a shekarar da ta gabata, wani mawaƙi mai furfura, Charlie Rich, ya zo ya sanar da magajinsa. Mutumin nan ya hau dandamali yana jan magana, da gani ka san ba daidai yake ba. Ya farke ambulan, ya dubi sunan da ke jikin katin, ya sa hannu a aljihu ya zaro laita. A gaban kyamara, duk ƙasa na kallo, ya cinna wa katin wuta. Sannan ya faɗi sunan: John Denver.

Shi kuwa John Denver yana can Ostareliya, ta tauraron ɗan'adam aka haɗo shi. Bai ga abin da ya faru ba, bawan Allah sai murmushi yake yana godiya.

Har yau ba a gama gardama kan wannan wuta ba. Ɗan Charlie Rich ya ce raha ce ta ɓaci, mahaifinsa ya sha maganin kashe raɗaɗi saboda karaya a ƙafa, ya kuma haɗa da barasa. Amma yawancin waɗanda suka kalla wata fassara suka yi: cewa Nashville ce take faɗa wa John Denver kai ba namu ba ne. To wannan maganar, wane ne ɗan gida, wane ne baƙo, ita ce ta riƙe tarihin bikin nan tun daga farkonsa har yau, kuma ita za mu bi.

Kafin nan, na san wani zai ce, mu ina ruwanmu da kantiri? To je ka tambayi babanka ko kawunka wane ne Don Williams. Tambayi wanda ya yi samartaka a shekarun 1970 da 1980 labarin Dolly Parton, da Kenny Rogers, da Jim Reeves. Kasakasansu sun zaga Najeriya, gidajen rediyo sun sha saka su, direbobin doguwar tafiya sun sha raba dare da su. Kiɗa ne mai sanyi, jita da murya, waƙoƙin kuma labari ne: talauci, gona, kewar gida, aure da rabuwa, uwa da addu'a. Ko ba ka jin Turanci sosai za ka gane mutumin nan damuwarsa yake faɗa.

Asalin kiɗan daga kudancin Amurka ne, musamman ƙauyukan tsaunukan Appalachia. Turawan da suka yi ƙaura daga Ingila da Scotland da Ireland sun zo da gogensu da tsofaffin waƙoƙinsu. Bayin da aka kwaso daga Afirka kuma su suka ƙera abin da ake kira banjo: duma, a rufe bakinsa da fata, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya. In ka san gurmi ko molo ko garaya, ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, to ka san dangin da ake magana. Masu bincike sun fi nuna wani abin kiɗa na ƙabilar Jola ta yankin Senegal da Gambiya, mai suna akonting, a matsayin wanda ya fi kama da banjon farko. Goge da banjo, su ne ƙashin bayan kiɗan kantiri na dauri. Kun ga tun daga tushe hannu biyu ne suka yi aikin.

To ina aka rabu? A kasuwa. A shekarun 1920, kamfanonin faifai suka fara bin ƙauyukan kudu suna naɗar waƙoƙi. Lokacin nan wariyar launin fata doka ce a kudancin Amurka, sai suka kasa hajarsu gida biyu: faifan baƙaƙe daban da sunansa, faifan fararen ƙauye daban da sunansa. Mutanen da suke zama a inuwa ɗaya suna kiɗa tare, aka raba su a kan kanta. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai, Ralph Peer, ya je garin Bristol ya naɗi Jimmie Rodgers da iyalan Carter, waɗanda yanzu ake ɗauka iyayen kantiri. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, A.P. Carter yana yawon tattara waƙoƙi ne tare da wani makaɗin jita baƙar fata, Lesley Riddle, wanda shi ke haddace karin waƙar. Hank Williams kuma, wanda har gobe ake yi wa kallon sarkin kantiri, a hannun wani makaɗin titi baƙar fata, Rufus Payne, ya koyi jita.

Akwai kuma DeFord Bailey, ku riƙe sunan nan don za mu dawo kansa. A 1925 wani kamfanin inshora ya buɗe gidan rediyon WSM a Nashville, aka fara shirin kiɗa na daren Asabar, wanda daga baya aka raɗa wa suna Grand Ole Opry. Shirin nan shi ya mayar da Nashville hedkwatar kantiri. DeFord Bailey, baƙar fata mai busa hamonika, yana cikin manyan taurarinsa na farko. Yakan kwaikwayi kukan jirgin ƙasa da bakinsa har ka rantse jirgin ne. A 1941 aka sallame shi, lokacin wani rikici kan haƙƙin mallakar waƙoƙi. Sauran rayuwarsa a sana'ar gogar takalmi ya yi ta, a cikin garin nan na Nashville.

Yanzu mu zo kan ƙungiyar da ta haifi bikin. A tsakiyar shekarun 1950 wani yaro ya fito, Elvis Presley, da sabon kiɗa mai zafi. Matasa suka bi shi. Gidajen rediyo suka ga inda kuɗi yake, suka fara ajiye faya-fayan kantiri. Kasuwa ta faɗi, hankalin masu cin abinci da sana'ar ya tashi. Sai a 1958 masu kamfanonin faifai, da masu buga waƙoƙi, da 'yan rediyo, da masu shirya wasanni, suka haɗu suka kafa ƙungiya, Country Music Association, a taƙaice CMA. Ku lura, ƙungiyar 'yan kasuwa ce. Aikinta shi ne ta shawo kan masu gidajen rediyo da masu ba da talla cewa mai jin kantiri ba matsiyacin ƙauye ba ne kamar yadda ake zato, yana da albashi, yana sayen mota da sabulu. A 1961 gidajen rediyo 81 ne kacal a duk Amurka suke saka kantiri zalla. Cikin shekaru kaɗan suka koma ɗaruruwa. A 1961 ɗin ne kuma ƙungiyar ta kafa zauren girmama gwarazan kantiri, ta fara da mutum uku: Jimmie Rodgers, Fred Rose da Hank Williams.

Bikin kyaututtuka na farko an yi shi a watan Oktoban 1967, a babban ɗakin taro na birnin Nashville. Ko a talabijin ba a nuna shi ba, liyafa ce ta 'yan gida. Eddy Arnold ya zama Gwarzon Shekara na farko, Loretta Lynn ta ci kyautar mawaƙiya mace, Jack Greene ya ci ta mawaƙi namiji. A 1968 aka koma zauren Ryman, wani tsohon gini da asali don wa'azin coci aka gina shi, tashar NBC kuma ta fara nunawa. Daga 1974 aka koma sabon ginin Grand Ole Opry, aka daɗe a can har 2004. A 2005 aka kai bikin New York sau ɗaya, sannan aka dawo Nashville. Yanzu a watan Nuwamba ake yi.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Wa ke zaɓen gwanayen? Ba masu sauraro ba ne, ba kuma yawan ciniki ake dubawa ba. Mambobin ƙungiyar ne ke jefa ƙuri'a, mutum dubbai da suke aiki a cikin sana'ar: mawaƙa, marubuta waƙa, makaɗa, manajoji, ma'aikatan kamfanoni, 'yan rediyo. Zagaye uku ake yi, ana tacewa har a fitar da ɗaya, wani kamfanin akantoci ne ke ƙirgawa. Wato duk wanda ya ɗaga kofin nan, abin da aka ce masa shi ne, mu 'yan gida mun yarda kai namu ne, kuma kai muke so duniya ta gani a matsayin fuskarmu bana. Shi ya sa rashinta yake da ciwo.

A 1971 'yan gidan suka yi abin da ya ba mutane mamaki. Suka zaɓi Charley Pride.

Charley Pride an haife shi a 1934 a ƙauyen Sledge na jihar Mississippi, ɗan manoman auduga, su goma sha ɗaya a wurin iyayensu. Mahaifinsa yakan kunna Grand Ole Opry a rediyo, a nan yaron ya kamu. Burinsa na farko wasan besbol ne, ya buga a ƙungiyoyin baƙaƙe, abin bai kai shi inda yake so ba, ya ƙare yana aiki a masana'antar narkar da dalma a jihar Montana, yana waƙa da dare. Kamfanin RCA ya ɗauke shi a tsakiyar shekarun 1960. Faya-fayansa na farko an aika wa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba. Mutane suka ji murya suka so ta, ba su san mai ita ba. Da ya fito babban wasansa na farko a birnin Detroit, aka kira sunansa, wuri ya kaure da tafi. Yana fitowa fili, tafin ya mutu, tsit. Sai ya yi musu raha a kan launin fatarsa, aka yi dariya, ya kama waƙa. Haka ya riƙa yi gari bayan gari.

Waƙoƙinsa kusan 30 ne suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard. A 1971 ya haɗa kofi biyu, Gwarzon Shekara da mawaƙi namiji, a 1972 ya sake cin na mawaƙi namiji. Ka tuna, shekara bakwai kenan kacal da kafa dokar 1964 da ta haramta wariya a otal da gidan abinci. Gaskiya ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga ɗaya gefen: sama da shekara 50 ke nan, babu wani baƙar fata da ya sake zama Gwarzon Shekara. Sai a 2009 ma aka sake ganin wani ya ci ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan, lokacin da Darius Rucker ya zama gwarzon sabbin mawaƙa. Ƙofar ta buɗe, mutum ɗaya ya wuce, aka mayar aka tura.

Sai dai kada ku ɗauka rigimar ɗan gida da baƙo ta launin fata ce kawai. Mu koma kan wutar Charlie Rich. Shekara ɗaya kafin ita, a 1974, kyautar mawaƙiya mace ta tafi hannun Olivia Newton-John, haifaffiyar Ingila, tashin Ostareliya, wadda yawancin mutane ke ɗauka mawaƙiyar zamani ce kawai. Ta kayar da Loretta Lynn, ta kayar da Dolly Parton. Ran manya ya ɓaci. Suka taru a gidan George Jones da matarsa Tammy Wynette suka kafa tasu ƙungiyar ta mawaƙa zalla, don kare kantiri na asali. Kukansu shi ne 'yan kasuwa sun sayar da gidan, duk wanda ya kawo ciniki sai a naɗa masa rawani. Ƙungiyar ba ta yi nisan kwana ba, amma kukan bai mutu ba. Ana cikin wannan zafin ne John Denver, wanda shi ma daga waje ya shigo, ya ci babbar kyauta.

Abin dariyar shi ne, shi kansa Charlie Rich ba tsantsar ɗan gargajiya ba ne. Makaɗin fiyano ne da ya taso a kiɗan jaz da bulus, waƙoƙin da suka ɗaga shi a 1973 kuma har jadawalin waƙoƙin zamani suka mamaye. Wato baƙon jiya ne yake ƙona sunan baƙon yau, in dai har nufinsa kenan. Kuma abin bai yi masa kyau ba, daga wannan dare tauraronsa ya fara dusashewa.

Haka bikin yake ta lilo tsakanin kasuwa da gargajiya. A 1978 masu sanyin kiɗa suka samu tasu: Don Williams ya ci mawaƙi namiji, Dolly Parton ta zama Gwarzuwar Shekara. A 1979 Kenny Rogers ya karɓi kofin mawaƙi namiji. Kun ga lokacin da kasakasansu ke yawo a wajenmu, lokacin ne suke kan ganiyarsu a can. A 1999 kuma aka sake karawa. Masu shirya bikin suka ce wa dattijo George Jones ya zo ya rera waƙarsa mai suna Choices, amma guntuwa, don lokacin talabijin kuɗi ne. Dattijo ya ce in haka ne ya fasa zuwa, ya yi zamansa a gida. Sai Alan Jackson, yana tsakiyar rera tasa waƙar kai tsaye, ya katse ta ya kama ta George Jones. Jama'a suka miƙe tsaye, shi kuma yana gamawa ya sauka ya yi tafiyarsa.

Mata ma suna da nasu labarin a bakin ƙofar nan. Loretta Lynn, 'yar mai haƙar kwal daga Kentucky, ita ce mace ta farko da ta zama Gwarzuwar Shekara, a 1972. Bayanta sai Dolly Parton, sai Barbara Mandrell sau biyu a 1980 da 1981, Reba McEntire a 1986, Shania Twain a 1999, Taylor Swift a 2009 tana da shekara 19, ta sake a 2011. Daga nan aka yi shekara 12 ba mace, sai Lainey Wilson a 2023. Garth Brooks shi kaɗai sau bakwai ya ci.

A cikin jerin matan akwai wasu uku da na tsallake da gangan, Dixie Chicks, 'yan jihar Texas, waɗanda suka ci a 2000. Su 'yan gida ne na ƙin ƙarawa, da gogensu da banjonsu, ciniki kuma ba a magana. A watan Maris na 2003, ana gab da mamaye Iraƙi, suna wasa a Landan, jagorarsu Natalie Maines ta ce ba sa goyon bayan yaƙin, kuma suna jin kunyar cewa shugaba George Bush ɗan jiharsu ne. Shi ke nan. Cikin kwanaki gidajen rediyon kantiri suka daina saka su, aka riƙa tara faya-fayansu ana farfasawa, har barazanar kisa aka yi musu. A 2007 bikin Grammy, wanda ya haɗa kowane irin kiɗa, ya ba su kofi biyar a dare ɗaya, amma rediyon kantiri bai waiwaye su ba. Ashe zama ɗan gida ma ana iya ƙwace shi.

To a 2016 bikin CMA ya cika 50, aka shirya gagarumin taro. Kwatsam sai ga Beyoncé a dandamali, tare da waɗannan matan uku da aka kora, suna rera waƙarta Daddy Lessons. Ita ma fa 'yar Texas ce, haifaffiyar Houston. Wasu a zauren suka tashi suna rawa, wasu suka ɗaure fuska. A intanet kuwa zagi ya ɓarke, wani na siyasa, wani na wariya ƙarara, ana cewa me ya kawo ta gidanmu.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa a jere. A Nuwamban 2020 bikin ya karrama Charley Pride da kyautar hidimar rayuwa, ya hau ya yi waƙa yana da shekara 86. Bayan wata ɗaya, ranar 12 ga Disamba, cutar korona ta yi ajalinsa. A Fabrairun 2021 wani bidiyo ya fito na Morgan Wallen, matashin da ya fi kowa tashe a lokacin, yana furta kalmar nan ta cin mutuncin baƙaƙe. Ya nemi afuwa, rediyo ya ajiye shi na ɗan lokaci, CMA ta hana shi halartar bikin shekarar. Cinikinsa kuwa ƙaruwa ya yi. A 2024 shi aka zaɓa Gwarzon Shekara. Ku auna da kanku: shi cikin shekara uku ya zama Gwarzon Shekara, su kuma matan Texas shekara 13 kafin su sake taka dandamalin.

A 2023 an ga wani abu mai daɗi. Luke Combs ya sake rera wata tsohuwar waƙa, Fast Car, ta yi tashe sosai. Kyautar waƙar shekara marubuci ake ba wa, marubuciyar kuwa ita ce Tracy Chapman, wadda ta fitar da ita tun 1988. Ta zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta. Mutane suka yi murna, wasu kuma suka ce a duba da kyau: waƙar ta yi shekara 35 a duniya, sai da ta fito daga bakin ɗan gida sannan aka ji ta a matsayin kantiri.

Sai 2024. Beyoncé ta fitar da kundin waƙoƙi, Cowboy Carter, ta kuma ce abin da ya haife shi wani wuri ne da ta taɓa zuwa ta ga ba a yi maraba da ita ba. Ba ta kama suna ba, amma kowa ya gane. Ta saka Dolly Parton da Willie Nelson a ciki, ta kuma nemo Linda Martell, baƙar mace ta farko da ta yi waƙa a Grand Ole Opry tun 1969, wadda aka daɗe da mantawa. Waƙarta Texas Hold 'Em, wadda da kiɗan banjo take farawa, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na Billboard, karo na farko ga baƙar mace. Da CMA ta fitar da sunayen 'yan takara a watan Satumba, ko a rukuni ɗaya babu sunanta.

Adalci shi ne mu ji ɗaya ɓangaren. Masu kare ƙungiyar sun ce ita da bakinta ta faɗa cewa kundin nata ne kawai, kada a kira shi na kantiri. Sun ce ba ta zo Nashville ta zauna da mutane ba, ba ta bi gidajen rediyo ba, masu ƙuri'a kuwa wanda suke gani kullum suke zaɓa. Dolly Parton ma ta ce ba ta jin da gangan aka yi. Suka kawo misalin Post Malone, wanda shi ma daga wani kiɗan ya shigo a shekarar, amma ya zo ya tare a garin ya yi aiki da marubutansu, ya samu takara huɗu. Masu suka kuma suka ce ai wannan misalin namu ne: baƙi biyu sun zo, an shigar da farin, an bar baƙar a waje. A Fabrairun 2025 Grammy ta ba Cowboy Carter kyautar kundin kantiri mafi kyau, ta ƙara mata da kundin shekara gaba ɗaya.

Akwai wani a bikin 2024 ɗin da ya shafe mu kai tsaye. Sunansa na waƙa Shaboozey, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze. A jihar Virginia aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne, Ibo. Sunan waƙar ma daga yadda Amurkawa ke karya Chibueze ya samo shi. Waƙarsa A Bar Song ta yi mako 19 a matsayi na ɗaya a babban jadawalin Billboard na duk Amurka, abin da waƙa ɗaya tak ta taɓa yi kafin ita. Ya samu takara biyu a CMA, ya hau ya yi waƙa, ya koma gida hannu rabbana. Ka duba zagayen nan: banjo ya tashi daga Afirka ta Yamma a ƙwaƙwalwar bayi, kiɗan ya dawo mana a kaset ɗin Don Williams, yanzu ɗan 'yan Najeriya ne yake tsaye a bakin ƙofar Nashville da waƙar da ta fi kowace tashe a shekarar.

Ni abin da na fahimta a duk wannan tarihi shi ne, jerin sunayen waɗanda suka ci CMA yana gaya maka yadda masu sana'ar suke son a gan su a kowace shekara. Wannan ma ilimi ne, kuma da yawan waɗanda suka ci sun cancanta, babu mai cewa Johnny Cash ko Loretta Lynn ba su isa ba. Amma in ka ɗauki jerin a matsayin tarihin kiɗan gaba ɗaya, za ka rasa Lesley Riddle, za ka rasa Rufus Payne, za ka rasa Linda Martell. Kun tuna DeFord Bailey, mai hamonikar nan da ya koma gogar takalmi? Ya rasu a 1982. Sai a 2005 ƙungiyar ta saka sunansa a zauren gwaraza, shekara 23 bayan an binne shi. An gyara, amma mai abin bai gani ba.

Mu ma nan gida ba baƙin irin wannan gardama ba ne. Sau nawa kuka ji ana cewa waƙoƙin fim ba waƙar Hausa ba ce, ko masu hip-hop ba su gaji Shata ba? Duk ranar da aka ce za a karrama mawaƙa, kafin ku tambayi wa ya ci, ku fara tambayar su wa suka zaɓa, kuma wa aka manta ba a ko gayyata ba.

Ku faɗa mana a ƙasa: a ganinku Charlie Rich da gangan ya yi ko maye ne? Kuma wace waƙar kantiri kuka taso kuna ji a gida? Wanda babansa ke da kaset ɗin Don Williams har yanzu, ya ɗauko mana hotonsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.